Mai Mujiya da 'Yar Mai Sito

Yana saman tsani yana buga wani akwatin katako a jikin bishiya, a gonar da ke bayan siton mahaifinta, ta fara ganinsa. Tana dawowa ne daga makarantar da take koyar da ilimin halittu.

"Malam, tsuntsaye ma yanzu gida ake gina musu?"

Ya leƙo, ƙusa a baki. "Mai gadi ce za ta tare. Mujiya. Ɓera uku ko huɗu take ci kullum, ba ta neman hutu."

"Mai ci ta mataki na biyu ke nan. Masara, ɓera, mujiya."

Saura kaɗan ya faɗo. Shekara uku yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa amsa masa da abin da ya wuce a'uzubillahi.

Bayan sati biyu saƙonsa ya shigo: "Malamata, yau ta yi ƙwai biyar. Ke na fara gaya wa, kafin mai gonar."

Ta amsa: "Barka da arziki, Mai Mujiyata. Ka zo ka gaida Baba."

Baba bai bar shi ya gama gaisuwa ba. "Mujiya? In ba da 'yata ga mai kiran mugun tsuntsu? Ga ɗan aminina, mai shagon maganin ɓera, sana'a ta mutunci."

"Baba, zan jira," in ji ta. "Ba zan gudu ba, ba zan yi kuka ba. Amma wancan kam, a'a."

Wata tara ta jira. 'Yan uwa suka sa mata suna Matar Mujiya, ita kuwa tana amsawa da "Na'am". Shi kuwa Mai Mujiya ya ji an ce ta karɓi kayan neman aure na mai shago, ya ɗauke ƙafa. Ta rubuta masa: "Mai rainon ƙwai wata guda, ka kasa haƙurin tambayata? An kawo, na mayar."

"Tuba nake, zakanyata," ya amsa.

Mai shago kuwa, don burge suruki, ya barbaɗe siton da magani. Ɓeraye suka ci suka fito suna layi, kyanwoyin sito huɗu suka cinye su. Da safe Baba ya tarar da huɗun a sanƙare. Kafin wata biyu ɓeraye sun dawo ninki, suna huda buhuna, masu saye suna juyawa daga ƙofa.

Ta same shi zaune a kan buhun da ya tsiyaye rabi.

"Baba, ɓera ka nufa, amma wanda ke cin ɓeran ka kashe. Guba hawa take yi sama."

Ya miƙe daga kan buhun. "Akwati ɗaya. A bayan sito. Kada in gan ta, kada ta gan ni."

Aka share maganin tas, aka jira, aka kafa akwati. Bayan wata huɗu Baba da kansa yake kai abokansa su ga ƙasusuwan ɓera a gindin bishiya.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon, Mai Mujiya, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ba ka ita. Taurin kanta nawa ne, sai ka yi haƙuri. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," suka ce.