Jinin Mutanen Kebbe

"Kada ki tashi, Mardiya, ki saurare ni..."

"Mi zan saurara, Nuraddeen? Takardar binciken ta fito a mujalla, duniya ta gani. Sunanka na sama, na shugaban sashenku na biye. Nawa fa? Can ƙasa, wurin godiya, kamar wadda ta kawo maku ruwan sha."

Tun da ta ga takardar a waya ta bar gidansu na aure a Tambuwal, ta taho Kebbe wurin mahaifiyarta. Yau mijin ya biyo ta bisa babur, rigarsa duk laka.

Su biyun a jami'a guda suke, shi malami, ita ɗaliba mai bincike. Ciwon hanta ne ya kashe mahaifinta, bayan maganin da ya daɗe yana sha ya daina yi masa aiki. Abin da ya sa ta shiga bincike ke nan. Ta bi ƙauyuka tana ɗibar jini, har ta gano yadda ƙwayar cutar ke sauya kama ta bijire wa magani.

"Masoyiyata, ƙarin girma za a yi. Shugaba ya ce ke ɗaliba ce, lokacinki na zuwa. Na ɗauka abin da na samu namu ne duka..."

"Namu? Kana ina sa'ad da mutanen ƙauyen Fakku sunka kore ni, suna cewa sayar da jininsu zan yi? Da wane baki zan nemi aikin bincike gobe, in an ce ina aikinki?"

Ta juya masa baya.

Dada, mahaifiyarta, ta aje ƙwaryar da take dama fura.

"Nuraddeen, cikin jinin nan har da nawa. Ni ce na fara miƙa hannu gaban mata don su yarda. Ɗiyata na miƙa wa, ba shugabanku ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ciro waya ya rubuta wa masu mujallar cewa aikin na Mardiya ne, a gyara ko a janye. Ya miƙa wa Mardiya wayar.

"In na tura, ƙarin girma ya tafi. Shugaba kuma ba zai ƙyale ni ba."

"Na sani," ta ce. "Tura da hannunka."

Ya tura. Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi.

"Ki zo mu koma gida, Mardiya."

"Ranar da na ga sunana inda ya dace, ka zo ka ɗauke ni. Ba yau ba."

Ya miƙe, ya je ya durƙusa ya yi wa Dada sallama. Har ya kai zaure Mardiya ta kira shi, fuskarta a ɗaure.

"Dawo ka sha fura. Hanyar wagga ba a bin ta da yunwa."