Abin da Jinin Miriyam Ya Faɗa

"Kar ka taka mini ƙofa!"

Hulda ta ƙame a bakin ƙofar gidan, hannunta riƙe da ledar sabulu da sukari da ta sayo a kasuwar Kafanchan don gaisuwar suruka. Mama Lai'atu na tsaye a tsakar gida cikin cittar da aka shanya, tana nuna ta da yatsa. Hausar Mama ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, amma yau babu mai shakkar wadda take nufi.

"Mama, Hulda ce fa... wadda na gaya miki zan aura," in ji Yafet.

"Na san shi! Ya zo da riga shuɗi, ya zo da riga kore, ya zo da riga fari. Yau kuma ya cire riga ya zo da sabulu?"

Hulda ta sunkuyar da kai, don gaskiya Mama ta faɗa.

Tun da wani zazzaɓi ya ɗauke Miriyam, ƙanwar Yafet, masu binciken lafiya suka maida gidan nan na Kagoma wurin zuwa. Ƙungiya uku, kowacce da motarta da rigarta, kuma babu wadda ta san abin da 'yar'uwarta ke yi. Abu ɗaya ya haɗa su: duk Hulda suka ɗauka ta yi musu tambaya, saboda tana jin yaren garin. Sau uku ta zauna a kan kujerar nan ta tambayi uwa yadda 'yarta ta mutu. Sau uku Mama ta yi kuka. Ko sau ɗaya ba a dawo mata da amsa ba, kuɗin aiki ya ƙare, mota ta tafi.

A zuwa na uku ne Yafet, malamin firamare mai sanyin magana, ya raka ta bakin hanya yana ba ta haƙuri. Daga nan ne zuciya ta yi nata aikin.

"Duk ranar da ka zo, Miriyam yana tashi," in ji Mama, muryarta ta koma ƙasa. "Ina jin turmin shi da yamma... dum, dum... in fito, ba kowa. Ka bar mini yarona ya kwanta!"

Ta bayan kafaɗar Mama, Hulda ta hango kalandar jana'izar a jikin bango. Miriyam cikin rigar mawaƙan coci, tana murmushi, idanunta kamar suna bin mutum.

Yafet ya ɗauki Hulda a babur, ba su yi nisa ba ya tsaya a gindin wani mangwaro.

"Zuciyata..."

"Faɗa kawai, Yafet."

"Mama ta ce ko aikin, ko ni. In Kirsimeti ta zo ba ki bari ba, dattawa za su tafi gidan su Faustina nema mini aurenta."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya yi shiru yana wasa da makullin babur. Shirun nan ya fi ihun Mama yi mata ciwo.

"Zuciyata, ni kaɗai na rage mata. Ba ta barci, ba ta cin abinci... In kin bar aikin mene ne? Albashina zai riƙe mu."

"Yanzu zan bari? Yanzu da abin ya fara zama na gaske?" Hawaye suka zubo mata. "Ka san me ya canza? Masu ba da tallafin nan sun gaji da taka ƙafar juna. Sun zuba kuɗinsu a tukunya ɗaya, sun ce ƙungiya ɗaya, tambaya ɗaya, kuma dole a koma wa mutane da amsa. Sun buɗe ɗakin gwaji a Kafanchan, da firij mai aiki da hasken rana. Mu 'yan gida suke koya wa aikin injin gwajin, Yafet, ba baƙi ba!"

"Wannan zai dawo da Miriyam?"

"A'a... amma jininta zai dawo."

Ya ɗago da sauri.

"Wanda aka ɗiba a asibiti kafin ta rasu. Kai ka yarda aka ɗiba, ka tuna? Yana can daskare a wani gari mai nisa, ba wanda ya taɓa shi. Yanzu ana dawo da duka. In ka amince, zan gwada."

Ya tayar da babur, ya ce, "Ki gwada. Amma ban yi miki alkawarin komai a kan Mama ba."

Faustina kuwa ba ta zauna ba. 'Yar ƙawar Mama ce a zumuntar mata ta coci, irin 'yan matan da ke durƙusawa har ƙasa in suna gaida tsofaffi, idonsu kuma na ƙirga ɗakunan gidan. Ita ke kai wa Mama kunu, ita ke zuba mata magana a kunne. Ran nan ta tare Hulda a layin masu doya, tana murmushi kamar an aiko ta da albishir.

"Sista Hulda! Yaya matattunki?"

Hulda ta nemi wucewa, Faustina ta sha gabanta.

"Sori fa, amma kina ɓata lokacinki. Mama ba za ta taɓa zama gida ɗaya da mai tambaya ba. Akwai abin da ya faru ranar da Miriyam ta bar gida, ni kaɗai na ji. Na gaya wa Mama in kin shigo sai kin tono shi. Ni kuwa bakina a rufe yake... muddin ina cikin gidan."

Ta juya tana kaɗa jaka. Hulda ta tsaya da sanyi a jikinta, rana kuwa na dukan kai. Ashe ba ƙiyayya ce a idon Mama ba. Tsoro ne.

Da akwatunan jinin suka iso ɗakin gwaji, Hulda ta buɗe firij. Farin hayaƙin sanyi ya taso mata, sai ta ji kamar muryoyin dukan uwayen da ta taɓa sa wa kuka suna fitowa tare da shi. Ta ɗauko 'yar kwalbar jinin Miriyam. Ta san yadda Miriyam ta fara amai, ta san yadda maƙogwaronta ya kumbura, ta san kalmarta ta ƙarshe, amma ba ta taɓa jin muryarta ba.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ta raɗa mata. "Mun bar ki kina jira."

Ita da likitan da ke koya musu suka yi gwajin, suka sake yi don a tabbata.

Ana saura kaɗan Kirsimeti ta koma Kagoma da yamma, ba riga, ba sabulu. Ta tarar da Faustina na tankaɗe a gefe, Yafet na gyaran babur, Mama kuma na zaune ta kafa wa tsohon turmin ido.

"Ban ce kar ka..."

"Ba zan shigo ba, Mama." Hulda ta durƙusa a waje, a kan ƙasa. "Yau ban zo da tambaya ba. Amsa na kawo."

Mama ta miƙe.

"Amsa? Ni na san amsa! Kuna so ku ji? To ku ji!" Ta dafe ƙirji. "Ni na kashe shi! Ya tafi koyon waƙa ya bar mini citta ruwa ya duka. Na ce ka tafi, kar ƙafarka ya sake taka gidan nan! Da safe na faɗa. Ya tafi wurin ƙanwata a Kafanchan, da yamma zazzaɓi ya kama shi. Bai sake takawa ba, Yafet... a akwati aka shigo da shi! Bakin uwa... Yesu, bakina ne!"

Sifana ta faɗi daga hannun Yafet. Faustina ta ajiye rariyar a hankali, don sirrin da take riƙe da shi ya riga ya fita daga hannunta.

"Mama," in ji Hulda cikin kuka, "zazzaɓin Lassa ne. Mun gan shi a jininta. Ɓera ke kawo shi, kuma babu gidan da babu ɓera. Cutar nan ba ta kama mutum da safe ta kayar da shi da yamma. Takan yi kwanaki a ɓoye, wani lokaci makonni. Ranar da kika yi faɗan, ta riga ta daɗe a jikinta. Ko da kin rungume ta da safen nan, da yamma sai ta kwanta."

Mama ta kafa mata ido.

"Ka sake faɗa," in ji Mama.

"Ta riga ta shiga jikinta kafin ki buɗe baki."

Mama ta tako, ta tako, har bakin ƙofar.

"Sake."

"Ba bakinki ba ne, Mama."

"Sau uku ka tambaye ni, yarinya, sau uku za ka amsa mini. Saura ɗaya."

"Ba ke kika kashe Miriyam ba!"

Mama ta tafi za ta faɗi. Hulda ta tare ta, suka zube tare a bakin ƙofar, rabi ciki rabi waje. Tsohuwar ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a ranar jana'iza, tana kiran sunan 'yarta har muryarta ta dishe. Yafet ya durƙusa ya haɗa su ya rungume. Ba wanda ya lura da lokacin da Faustina ta sulale ta bayan gida.

"Ki gafarce ni, zuciyata," ya ce a kunnen Hulda. "Na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana."

"Za ka biya," ta ce, tana dariya tana hawaye.

Can Mama ta share fuska da bakin zane, ta kama wuyan hannun Hulda ta ja ta.

"Taka. Taka ƙofa, 'yata."

Ta kai ta gaban turmin, ta zuba dawa, ta ɗauko taɓaryar da ba wanda ya taɓa tun ranar da Miriyam ta fita, ta miƙa mata.

"Gobe ka koma aikinka, akwai uwaye da suna jira. Amma yanzu yamma ya yi." Ta zauna ta lumshe ido. "Daka mini. Bari yau in ji shi daga hannun mai rai."

Hulda ta ɗaga taɓaryar.