Zinaren Gidan Mai Walda

Wayyo, ƙawata, a ƙarshe dai ya fita! Aljanin gidan mai walda ya fita! Matso ki ji.

Kin san tukunyar nan da ya tono yana haƙa ramin bayan gida, cike da tsofaffin sulallan zinare. Ko wanke su bai gama ba ma'aikatan gwamnati suka zo suka kwashe, wai duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa nasu ne. Tun ranar bawan Allah ya rufe shago. Kullum yana kan bencin ofis ko gaban lauya, maganarsa ɗaya: "Nawa ne. A gidana na tono."

Wata magariba ya dawo a gajiye, yana cire takalmi, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Shiru. Sai wani. Ya leƙa lungu, ba kowa. Da ya juyo, ga autarsa zaune a bakin ramin, tana nishi irin na tsoho.

Haka aka yi ta fama. Yarinya ta daina ci, ta rame, ba ta tashi daga wurin. Shi kuwa da safe ofis, da yamma jifa.

Jiya aka kira malam. Ya kunna turare ya fara karatu, sai yarinyar ta ɗago kai, murya ƙatuwa.

"Malam, rage hayaƙin nan. Ni ma a gajiye nake."

"Me kake nema a jikinta?"

"Wurin kwana. Gadin zinaren aka ba ni, a tukunyar nake zaune. Sun tafi da ita."

"To ka bi su mana!"

"Gidan mai shi aka ɗaure ni. Wannan kuma kullum cewa yake nasa ne. Ya ce ba nasa ba ne, in bi kayana."

Mai walda ya tuna shagonsa a rufe, ya tuna wannan bencin. Lauya ma ya ce saura kaɗan. Ya dubi wuyan 'yarsa, duk ƙashi.

Matarsa ta ce, "Baban yara, faɗa mana!"

Ya ce, "Ba nawa ba ne."

Aljanin ya ce, "Ban ji ba."

"Ba nawa ba ne! Na bar musu!"

Yarinya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Baba, yunwa." Shi da kansa ya shiga kicin, yana kuka yana hura wuta.

Amma don Allah kar ki faɗa wa kowa tukuna. Ko lauyan bai sani ba, yana can kotu yana jiransa.