Mutum Biyu a Lamba Sha Bakwai

Da hantsi ranar Talata aka kai ƙara ofishin 'yan sanda na unguwar Manastur a birnin Cluj, wai an sace kuɗin hayar wata uku. Sufeto Octavian Muntean ya ɗauki hularsa ba tare da ya ji komai a ransa ba. Shekara ashirin yana wannan aiki, tausayi da haushi duk sun daɗe da barinsa.

Mai ƙarar, Silviu Bratu, ya tarbe shi a hawa na huɗu, gida mai lamba sha bakwai, bakinsa kamar rediyo.

"Yallaɓai, kuɗi har lei dubu huɗu da ɗari biyar a ambulan, cikin durowar nan! Waccan ce ta ɗauke."

"Wace ce ita?"

"Baƙuwa ce, sati biyu na taimaka mata da makwanci. Sunana kaɗai ke takardar haya. Yau nake so ta fita."

Sufeto ya ja durowar. Ba a ɓalle ta ba, makullinta kuma na rataye a ƙugun Silviu.

Matar, Dorina Parvu, na zaune a kicin da rigar gidan burodin da take aiki. Ba ta kuka, ba ta musu, bango kawai take kallo.

"Tun yaushe kike nan?"

"Wata goma sha huɗu. Duk wata ina ba shi rabona, dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Rasiɗi fa?"

"Ya ce tsakaninmu ba sai da takarda ba. Na sa 'yata a makarantar bayan layin nan. Ranar Litinin za ta zo daga ƙauye. In aka kore ni, ban san inda zan kai ta ba."

Mai gidan, Mama Veta, ta iso tana haki da sandarta.

"Wata uku ban ga ko sisi ba, ɗan nan! Kullum gobe."

"Nawa ne hayar, Mama?"

"Dubu ɗaya da ɗari biyar, gidan gaba ɗaya."

Sufeto ya rubuta, bai ɗaga kai ba. Sai dai maganar Dorina ba hujja ba ce, kuma takardar haya na bayan Silviu.

Sufeto ya sauko ƙasa don ya sha taba. A bakin matakala, kamar kowane bene, an manna jerin kuɗin ruwa da shara, kowane gida da yawan mutanensa. Ya bi da yatsa. Lamba sha bakwai: mutum biyu.

Baba Gligor, mai karɓar kuɗin benen, ya buɗe masa fayil yana dariya.

"Wannan marowacin? Da ƙafarsa ya zo bara, wai shi ba zai biya wa wani ruwan wanka ba, a raba lissafin biyu. Na ce rubuta ka sa hannu."

Ga shi da rubutun Silviu: Dorina Parvu, 'yar haya, daga watan Yuli na bara.

Sufeto ya koma sama ya ajiye takardar a kan tebur.

"Baƙuwar sati biyu, ko?"

Silviu ya duba, ya ga sa hannunsa.

"Ina ambulan ɗin?"

"Babu wani ambulan," in ji shi a hankali. "Injin caca ya cinye. Na ce in ta tafi a matsayin ɓarauniya, Mama za ta yi mini haƙuri, sai in samo wani ɗan haya."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, ya sauka da shi. Maƙwabta na leƙe ta ƙofa.

Mama Veta ta daɗe tana kallon Dorina, kunya ta kama ta.

"'Yar nan, zan mayar da takardar sunanki. Amma za ki iya biyan hayar ke kaɗai?"

Dorina ta juyo daga bangon. Muryarta ba ta canja ba.

"Mama, ashe wata goma sha huɗu ke nan ni kaɗai nake biya."

Sufeto ya rufe littafinsa. Sai da ya kai ƙasa ya ga bai kunna tabar ba.