Sa Hannun Baba

Ranar da ya fara ganin Auta, kaya arba'in da uku ne a bayan motarsa, kuma tun safe babu wanda ya sa masa hannu cikin daɗin rai. Wata ta yi magana ta taga ta ce tana wanka, ya ajiye a ƙofa. Wani ya buɗe kwalinsa yana duba kayan ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda ya taɓa na'urar sa hannu. Wani gidan kuwa kare ne ya fito tarbarsa. Haka aikin kai saƙo yake. Tuƙin ba komai ba ne, ɗan zanen nan da ake yi da yatsa a kan gilashin na'ura shi ke tsufar da mutum, don in babu shi, a wurin kamfani kaya bai isa ba ko da mai shi ya rungume shi a gabanka.

A hawa na biyu na wani tsohon bene ta buɗe masa ƙofa, awon tela rataye a wuyanta, allura maƙale a gefen mayafinta. Ya tsaya yana kallonta har sai da ta miƙo hannu ya tuna abin da ya kawo shi.

Maganin mahaifinta ne, wanda ake aikowa duk wata, da jar takarda manne a kwalin: mai sunan kaɗai zai sa hannu. Ta ce Baba ba ya jin daɗi, ita 'yarsa ce, ya ba ta ta sa. Ya ce ƙa'ida ba ta yarda ba.

Ta murguɗa baki. "To shigo, Malam Ƙa'ida."

Baba tsohon shugaban makaranta ne. Shekara talatin yana sa hannu a takardun yara, sa hannu mai doguwar jela da har yau tsofaffin ɗalibansa ke kwatantawa. Tun da ciwo ya taɓa ɓarin jikinsa na dama, hannun ya koma rawa. Ya ɗora yatsa a gilashin, yatsan ya zame, na'ura ta ce a sake. Sau biyar ana haka. Saurayin ya ga yadda muƙamuƙin Baba ke motsi. Minti ashirin suka tafi, ya fito yana gudu a matakala, ransa kuma ya tsaya a sama.

Daga nan sai Auta ta tsiri sayen zare ta waya, ƙwaya ɗaya yau, ƙwaya ɗaya jibi, alhali shagon zare na ƙasan benensu. Shi ma bai taɓa tambaya ba. Lambarta dai tana jikin kwali, wata rana ya yi ta maza ya tura saƙo.

"Auta, zarenki na bakwai ya iso. Wace riga ce wannan da ba ta ƙarewa?"

"Ta wani mai taurin kai ce. Ka kawo kawai."

"In na kawo za ki sa hannu da murmushi? Yau mutum tara sun harare ni."

"Zan zama ta goma, Malam Ƙa'idana."

Cikin wata biyar magana ta yi nisa, har kawunsa ya zo ya gaida Baba da maganar aure, Baba ya ce a ba shi lokaci. A makon ne maganin ya sake zuwa, Auta ta tare shi a matakala idonta jajur. Ta ce wancan watan bayan fitarsa Baba ya ƙi cin abinci, ya yini yana kallon hannunsa. Ta san sauran direbobi suna zana wa mutane da kansu in sauri ya kama su, shi ma ya zana kawai.

"Don Allah," ta ce. "Ba na son ka sake ganinsa a haka."

Mutumin da ta sa wa suna Ƙa'ida ya kalli hawayenta, ya sa yatsansa ya zana. Abin da dukansu suka manta shi ne, kamfani na tura wa mai kaya hoton sa hannunsa a waya.

Washegari Baba ya aika a kira shi. Ya juyo masa wayar, ga zane nan sumul, ko ɗigon rawa babu.

"Wa ya rubuta sunana?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa."

Baba ya ajiye wayar a hankali. "Sunan nan shi kaɗai ya rage mini da nake yi da kaina. Ka ɗauke shi don ka rage minti ashirin. Ban san abin da za ka yi da 'yata ba ranar da ta zame maka jinkiri. Ka gaya wa kawunka kada ya wahalar da ƙafarsa."

Saurayin ya sauko ya koma motarsa. Kafin kwana uku goggon Auta ta ji labari, ta fara zarya da hoton ɗanta mai aikin ofis, tana cewa shi dai ba ya yawo ƙofa-ƙofa yana roƙon mutane su taɓa gilashi. Auta ta rame, keken ɗinkinta ya yi shiru.

"Me ya sa ba ka ce ni ce ba?" ta rubuta masa.

"Yatsana ne ya zana, Autata. Ke kuka kawai kika yi."

Ta kasa jurewa. Ta durƙusa gaban Baba ta faɗi komai. Ta zaci zai yi faɗa, sai kawai ya ce ashe har ya kai matsayin da za a riƙa tare masa baƙi a matakala. Wannan ta fi faɗa yi mata ciwo.

Saurayin kuwa ya kai kansa gaban manaja ya faɗi abin da ya yi. Aka ba shi takardar gargaɗi, ya karɓa, ya tambaya ko akwai wata hanya ga wanda gilashin ke ba wahala. Manaja ya buɗe durowa ya zaro fom na takarda wanda tun zuwan na'ura babu direban da ya nema, don cike shi ɓata lokaci ne.

Da wata ya zagayo, ya juya hanyarsa ya mai da gidan Baba na ƙarshe. Ya yi sallama da yamma, kwali a hannu ɗaya, a ɗayan allon katako da takarda, da biro da ya naɗe da ƙyalle har ya yi kauri. Baba ya sha mur.

"Na zo neman gafara, na kuma kawo magani," ya ce. "Motar babu sauran kaya. Babu mai jirana, Baba."

Baba ya daɗe yana kallon biron kafin ya ɗauka, ya juya shi a tafinsa. Ya ce a riƙe masa allon da kyau. Saurayin ya durƙusa ya riƙe da hannu biyu, bai kalli agogo ba, bai kuma kawar da kai ba. Harafi ɗaya, hutu, harafi ɗaya. Auta na bayan labule ta manta da numfashi. A ƙarshe jelar nan ta fito, a karkace, amma ita ce.

Baba ya kalli jelar, ya yi ajiyar zuciya. "Ta fi taka kyau."

"Nesa ba kusa ba, Baba."

"Kawun nan naka, ƙafarsa lafiya? Ka ce ya dawo."

Dariya da kuka suka ƙwace wa Auta lokaci guda, har asirin labule ya tonu.

Ranar ɗaurin aure, da aka zo kan takardar shaida, liman ya ce saboda lalura waliyyi na iya dangwala yatsa. Baba ya girgiza kai, ya zaro biro mai ƙyalle daga aljihu, ya waiwaya yana neman ango. Ango ya ratso mutane da sabuwar rigar da ta ci zare bakwai, ya durƙusa ya riƙe allon. Jama'a suka jira, babu wanda ya yi ko tari. Da ya gama, Baba ya dafa kan ango ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a masu haƙuri da su kamar yadda aka yi haƙuri da shi. Aka shafa.

Ango yana miƙewa wayarsa ta motsa a aljihu.

"An sa hannu, Malam Ƙa'ida?"

Ya share ido ya rubuta mata: "An sa, amaryata. Mai sunan ne da kansa."