Gyalen da Ya Ɓata Shekara Dubu

Ranar da Gilang ya fara ganin Ratri, tana tsaye a bakin tafkin Ranu Wening, tabo har gwiwa, tana neman mai kwale-kwale. Shi kifi yake kiwo a tafkin, da digirinsa na aikin gona da ba wanda ya taɓa cewa ya nuna. Ta ce daga jami'a take, a Malang, kuma tabon ƙasan tafki take so. Ya dubi bututan ƙarfen da ta zo da su, ya dube ta, ya yanke hukuncin cewa ƙarya take yi, kuma tana da kyau.

A kan ruwa ta yi masa bayani. Ciyayin tafki idan sun mutu nutsewa suke, zarensu ya kwanta cikin tabo, shekara bisa shekara. Zaren yana riƙe alamar ruwan da ya sha, domin oksijin akwai mai nauyi, akwai mara nauyi. In an auna, sai a san ko damina ta yi kyau a wancan zamani ko fari aka yi. Gilang ya gyaɗa kai, ya rage tuƙi don tafiyar ta yi tsawo.

Mahaifiyarsa, Bu Warsini, ta ce ba mai hawa mota daga Malang saboda tabo. Masu haƙar ma'adinai ne suka turo yarinyar, kuma sun san saurayin da ya fi kowa taushin kai a ƙauyen. Gilang ya musa, amma maganar ta zauna masa, don ya lura murmushin Ratri ya fi faɗi ranar da take bukatar kwale-kwale.

Aiki ya ƙare, ta koma, saƙonni ba su ƙare ba. Tana kiransa Mas, wato yaya, shi kuma yana kiranta Dik, wato ƙanwa.

"Mas, ka ci abinci? Kifayenka sun fi ka ƙiba."

"Dik, tabo ya fi ni samun kulawa. Ba komai."

Da ya kafe a kan aure, Bu Warsini ta ɗauko gyalen auduga daga ƙasan akwati. A gidansu, yarinyar da ake nema tana yafa shi har ranar ɗaurin aure. In ta ajiye, magana ta mutu. Ratri ta karɓa da hannu biyu, ta sumbaci hannun tsohuwar.

Sai hotunanta suka fara zuwa babu gyale. Farar rigar ɗakin gwaji kawai, kuma kullum a gefenta wani Danang, abokin karatunta, mai gashi a gyare kamar ba ya haɗuwa da iska. Gilang bai nuna wa mahaifiyarsa ba. Ya hau babur ya nufi Malang bai gaya wa kowa ba.

A ƙofar ɗakin gwaji ya tarar da gyalen ƙulle cikin leda, rataye a ƙusa kamar kayan mai cuta. Yana tsaye yana kallonsa, Danang ya fito.

"Kai ne mai gyalen?" in ji Danang. "Na daɗe ina son ganinka."

Abin da ya biyo baya ba faɗan kishi ba ne, ƙorafi ne. Auduga zallar irin zaren da suke aunawa ce. Ratri ta riƙa ɓoye gyalen a ƙarƙashin farar riga, zarensa yana zuba cikin tabo, na'ura kuwa ta auna gyale ta ba da labarin daminar gonar auduga. Tabon shekara dubu ya tashi a banza, sai an koma tafki. Danang ya ƙara da cewa shi ya ba ta mayafin nailan, wanda ba ya zubar da komai, ita kuwa ta ba mai shara.

Gilang bai taɓa jin zagi mai daɗi haka ba.

Ratri ta fito, ta kwance ledar, ta yafa. "Malaminmu ya hana shiga da shi. Ina fitowa nake sawa. Ka gaya wa Ibu, mahaifiyarka, yadda abin yake, Mas, ko da za ta fasa."

Bu Warsini ta saurara fuska a murtuke, ta tambayi yawan ɓarnar. Da ta ji shekara dubu, sai ta ce 'yar aiken kamfani ba ta ɓata kayan kamfani. Ta kuma yanke cewa cikin ɗakin gwaji ba ya cikin sharaɗi, tunda kakanni ba su san da irin ɗakin ba.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a masallacin ƙauye. Bu Warsini ta dafa kawunansu, ta roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai wayo fiye da ubanta.

Da baƙi suka ragu, wani zargin ya taso wa Gilang. Ya tambayi amarya, da tabon bai lalace ba, ba ta sake bukatar kwale-kwale ba, da ta dawo?

Ratri ta gyara gyalen a kafaɗa.

"Mas, shekara nawa ina wannan aikin? Kana zaton ban san abin da auduga take yi ba?"