Wasiƙar da Ta Koma Ƙamshin Shayi

Sufeto bai gama zama ba wata tsohuwa ta dire takarda a teburinsa, ta ce an yi mata sata. Wasiƙar da marigayi mijinta ya aiko mata suna saurayi da budurwa, wadda take karantawa kowace safiya, an musanya ta da jabu.

"Yaya kika gane, Iya?"

"Shinshina mana."

Ya shinshina. Ƙamshin shayi! An jiƙa sabuwar takarda ne don ta yi kamar tsohuwa. Sufeto ya ji daɗi har ransa, don ya gaji da shari'ar ɓarayin waya.

'Yar tsohuwar ta rantse ba ta taɓa wasiƙar ba, sai daga baya ta amsa cewa ta ɗauke ta hoto. Sufeto ya jera hoton da jabun. Ko'ina alƙalamin kara ya juya, layin ya rabu biyu, iri ɗaya sak.

Mutum na uku mai shiga ɗakin tsohuwar shi ne ƙanin marigayin, dattijo mai rubuta katin gayyata. A shagonsa ya ce rabonsa da alƙalamin kara shekara talatin. Sufeto bai musa ba. Ya ɗaga murfin wani gwangwani, sai ga ƙaro jiƙe da baƙin fitila, tawada ɗanya shar.

A gaban tsohuwar, Sufeto ya ce, "Baba, mai kwaikwayo ba ya dacewa haka. Fiƙar alƙalami ɗaya ce, hannu ɗaya ne ya rubuta biyun."

Dattijo ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ga takardar tana dagargajewa a ninkinta, ya ɗauke don ya liƙa mata baya, ya rubuta wata ya ajiye a madadinta kafin ya gama. Da ma shi ya rubuta ta tun asali, shi ya dama tawadar. Yayansa cewa kawai ya yi a gaishe ta, sauran kalaman duk nasa ne.

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye.

"Shekara hamsin na san haka, sakarai. Yayanka ko sunansa da ƙyar yake rubutawa."

Sufeto ya kama hannun dattijo, yana danne dariya, suka nufi ƙofa don ɗauko wasiƙar.

"Sufeto," in ji ta, "kada ka rufe min shi. Ka dawo da shi ya karanta min da bakinsa."